Babi na Biyar: Sikelin Bakin Titi da Tef ɗin Tela

A bakin babban titin Abuja zuwa Keffi, daidai inda Nyanya ta ƙare Mararaba ta fara, tsakanin masu tallar ruwan leda da kwandastocin da ke rangaɗa kiran fasinja, akan ci karo da yaro ya ajiye ɗan sikeli a ƙasa yana jiran mai hawa. Kuɗin hawan bai taka kara ya karya ba. Mutum zai tsaya, ya tuɓe takalmi ko ya hau da abinsa, allura ta yi rawa ta tsaya, yaron ya sunkuya ya duba ya ce, "Oga, 85 ne." Mai hawa ya gyaɗa kai, ya miƙa canji, ya ruga neman mota.

To, 85 ɗin me take nufi? Yaron bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, domin sikeli rabin labari kawai yake bayarwa. A ɗauki mutum uku da allura ta tsaya musu a kan kilo 85. Na farko dogo ne mai mita 1.85, na biyu matsakaici mai mita 1.70, na uku kuma gajeriyar mace mai mita 1.60. Dogon nan yana cikin nauyin da likitoci ke ɗauka daidai ne, ko da yake ya zo gab da iyaka. Na tsakiyar ya haura, saura ƙiris ya shiga sahun masu ƙibar da ake ɗauka barazana ce ga lafiya. Ita kuwa ta ukun ta riga ta yi nisa a ciki. Nauyi ɗaya ne, amma kayan da ke kan kowane ƙashi daban.

Lissafin da ke raba su shi ne wanda ma'aikatan lafiya ke kira BMI, wato awon nauyin jiki idan an gwada shi da tsawo. Ba ya buƙatar komai sai kalkuletar da ke cikin kowace waya. A auna tsawo da mita, a ninka shi sau kansa, sannan a raba kilon mutum da abin da ya fito. Mai mita 1.70, idan ya buga 1.70 sau 1.70 zai sami 2.89, ya raba 85 da 2.89, amsa ta ba shi 29.4. Dogon zai sami 24.8, gajeriyar kuma 33.2.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka wa baligai iyakoki kamar haka: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai haɗari, wadda ita ma aka kasa ta mataki uku, mafi tsanani daga 40. Idan aka mayar da wannan zuwa harshen sikeli, mai tsawon mita 1.70 ana so ya zauna tsakanin kilo 54 da 72, mai mita 1.60 kuma tsakanin kilo 47 da rabi da kusan 64. Da yawa daga cikin magidantan da suka haye shekara arba'in, idan aka gaya musu wannan, dariya suke yi. Rabonsu da kilo 72 tun kafin auren fari.

Abin da ya kamata a sani shi ne wanda ya ƙirƙiro lissafin ba likita ba ne. Sunansa Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam da aka haifa a 1796, masanin taurari da ƙididdiga. A shekarun 1830 ya duƙufa auna Turawan zamaninsa yana neman siffar abin da ya kira matsakaicin mutum, sai ya lura cewa nauyin baligi yana tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da tsawonsa idan an ninka tsawon sau kansa. Cuta ba ta cikin abin da ya dame shi. Waɗanda suka fara haɗa nauyi da ajali da gaske su ne kamfanonin inshorar rai na Amurka, domin kuɗinsu ne a ciki: sun duba takardun abokan cinikinsu suka ga masu nauyi sun fi saurin mutuwa, shi ya sa kamfanin Metropolitan Life ya riƙa fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo. Sai a 1972 wani masani na Jami'ar Minnesota, Ancel Keys, ya gwada hanyoyin lissafi daban-daban a kan maza sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, ya ga na Quetelet ya fi sauran kusantar gaskiyar kitsen jiki, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Babu mace ko ɗaya cikin waɗanda ya auna. Kuma amfanin da ya fi gani a lissafin shi ne nazarin jama'a masu yawa a dunƙule.

Su kansu iyakokin, mutane ne suka zauna suka ja layinsu. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da nasu layin daga wajen 27 zuwa 25 don ya dace da na Hukumar Lafiya ta Duniya, nan take miliyoyin Amurkawa suka faɗa rukunin masu nauyi fiye da kima ba tare da sun ƙara ko loma ɗaya ba. Wannan ba ya nufin lissafin wasa ne. Haɗarin ciwon suga da hawan jini yana hawa ne sannu a hankali kamar hawan tudun Kugbo, babu wani wuri ɗaya da za a ce nan aka faɗa rami. Mai 24.9 da mai 25.1 ’yan gida ɗaya ne. Amma tsakanin mai 23 da mai 33 akwai tazara ta gaske, kuma asibitoci na ganinta kullum.

Mararaba wuri ne da ya dace a yi wannan magana a kansa. A takarda tana cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, a zahiri kuwa ɗakin kwanan Abuja ce. Tun da aka mayar da hedikwatar ƙasa Abuja a Disambar 1991, sannan rusau ɗin shekarun 2003 zuwa 2007 ya tarwatsa unguwannin talakawa a cikin birni, jama'a suka yi ta kwarara zuwa ƙasar Gbagyi da ke wannan gefe, har gari ya haɗe daga Nyanya zuwa Masaka. Ma'aikacin gwamnati, direba, maigadi, ɗan kasuwa, mai aikin banki, duk wanda hayar Wuse ko Garki ta fi ƙarfinsa, nan yake kwana. Tafiyar ba ta wuce kilomita 20 ba, amma gosulo kan mayar da ita sa'a biyu da safe, wata biyun da yamma.

A duba yinin irin wannan mutum. Ya yi asuba, ya fita cikin duhu don ya riga cunkoso. Karin kumallo a teburin mai shayi: kofi cike da madarar gwangwani da cokulan sukari, rabin biredi, ko Indomie da ƙwai a soye. Ya zauna a mota. Ya zauna a ofis ko a shago. Da rana shinkafa da mai, a kora da lemon kwalba mai sanyi. A hanyar dawowa, yunwa da gajiya sun haɗu, ga masu talla suna bi tsakanin motoci da fanke da biskit da wani lemon. Ya sauka a bakin titi, tafiyar minti goma zuwa gida ta gagara, ya haye acaba. Ƙarfe tara ko goma na dare a ajiye masa malmalar tuwo biyu ko sakwara ko teba, ya ci ya kwanta a kai, barcin da ba zai cika sa'a shida ba. Ƙarancin barci kansa yana ƙara wa mutum kwaɗayin abinci, musamman mai zaƙi da maiƙo. Wannan bawan Allah ba malalaci ba ne, a gajiye yake liƙis. Sai dai gajiyar zama ce, ba ta ƙona abin da aka ci. Mahaifinsa a ƙauye yana iya cin tuwon da ya fi wannan yawa, amma fartanya da tafiyar ƙafa zuwa gona da kasuwa suna karɓe shi kafin ya kwanta a ciki.

Akwai wani bincike da ya nuna wannan a fili. A 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke Chicago da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa baƙar fata ’yan asali ɗaya a wurare uku. A Afirka ta Yamma, wato Najeriya da Kamaru, sun sami hawan jini a jikin kashi 16 cikin 100. A tsibiran Karebiyan kashi 26. A Amurka kashi 33. Matsakaicin nauyin jiki ma haka ya riƙa hawa daga wuri zuwa wuri, tare da yawan gishirin da ake ci. Jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta. Abin da ya ɗauki tsallaka teku da ɗaruruwan shekaru a wancan labari, yau yana faruwa ga mutum ɗaya cikin shekara goma, daga ranar da ya baro ƙauyensu ya kama ɗaki a Mararaba.

Alƙaluman ƙasa sun bi sawu. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke gudanarwa, ya auna mata ’yan shekara 15 zuwa 49. A 2008 kashi 22 cikin 100 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2013 suka zama kashi 25. A 2018 kashi 28, kuma matan birni sun fi na karkara nesa ba kusa ba. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ce a 2022 baligai biliyan 2.5 ne suka haura 25, miliyan 890 daga cikinsu sun kai 30 ko sun wuce.

Amma wanda ya tsaya a nan bai ga Mararaba duka ba. A layin da mai teɓa ke fitowa da mota, a nan ɗan garuwa ke tura kura cike da jarkoki tun safe har rana ta faɗi, haƙarƙarinsa a waje. Binciken 2018 ɗin ya sami kashi 12 cikin 100 na matan a rame, ƙasa da 18.5, kuma kashi 37 na yara ’yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Har a gida ɗaya ana samun uwa mai ƙiba da yaro tsumburarre, domin abincin da kuɗinsu ke iya saye, garin rogo da taliya da mai da sukari, yana cika ciki ya tara kitse amma ba ya gina jiki. Rama tana da nata haɗarin: ƙarancin jini, raunin garkuwar jiki, haihuwar jariri marar nauyi. Wanda kuma ya ga yana zubewa haka kawai, bai rage ci ba, bai ƙara aiki ba, har ya rasa kilo uku ko huɗu cikin ’yan watanni, asibiti ya kamata ya nufa, don ciwon suga da tarin fuka da wasu cututtuka masu nauyi da haka suke sallama.

Wannan tsoron ramar shi ne ya sa maganar ƙiba ke da wuyar shiga kunne a ƙasar Hausa. Al'ummar da ta san yunwa ba za ta yi saurin zargin ƙiba ba. Idan amarya ta yi wata uku ta ciko, dangi su ce, "Ma sha Allah, hankali ya kwanta." Idan ta rame, sai a fara tambaya ko lafiya suke zaune da maigidan. Magidanci ya ajiye tumbi, abokai su ce, "Alhaji, an samu ke nan." Cutar da ta fi kowace firgita mutane a shekarun 1990, sunan da Bahaushe ya ba ta, ƙanjamau, daga ƙanjamewar jiki ya samo shi, kuma har yau wanda ya rage kilo goma da gangan sai ya sha kallo da raɗe-raɗi. Ba Hausawa kaɗai ba ne. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a ciyar da ita kafin aure, Zabarmawan Nijar suna da bikin hangandi na nuna cikar mata, a Muritaniya kuma har ɗura ake yi wa ’yan mata.

Mummunan reshen wannan al'ada shi ne ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe. Yawanci iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki ya sa barci. Akwai kuma dexamethasone da ’yan uwansa, magunguna masu ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci don asma ko kumburi. Wadda ta daɗe tana shan na biyun, fuskarta za ta yi zagaye, ciki da doron wuya su tara kitse, jiki ya riƙe ruwa, alhali hannuwa da ƙafafu suna sirancewa saboda tsoka na narkewa. Suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, fata ta yi nankarwa, garkuwar jiki ta faɗi. Ƙawaye na yaba kumatu, ita kuwa cuta take ɗauke da ita. Kuma wadda ta riga ta saba da shi kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya daina sarrafa nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya kai ta ga suma ko abin da ya fi haka. Likita ne zai riƙa rage mata kaɗan-kaɗan. A ɗaya ɓangaren kuma ga shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, wanda galibinsa gudawa da fitsari kawai yake sawa: allurar sikeli ta sauka yau, ta koma jibi.

Yanzu a koma kan lissafin kansa, domin yana da makanta. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba, bai san ruwa ba. Ɗan damben nan Anthony Joshua, mai tsatso da Shagamu, tsawonsa mita 1.98, kuma yakan shiga fage da kilo 110 ko sama da haka. Lissafi zai ba shi 28, ya jera shi da masu nauyi fiye da kima, alhali jikinsa murɗaɗɗe ne. Haka ɗan dakon da ke sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir a Kasuwar Orange ta Mararaba. Sai dai a yi hattara da wannan uzuri, don kowa na son ya ce nasa tsoka ce ko nauyin ƙashi. Wanda aikinsa zama ne, ya san amsar. Lissafin ba ya aiki ga mai juna biyu, ba ya aiki ga wanda ƙafafunsa suka kumbura da ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda, kuma yara da matasa suna da nasu jadawalin da ke la'akari da shekaru. Tsofaffi ma sai an sassauta, domin tsawo na raguwa, tsoka na zubewa, kuma rama ta fi yi musu illa fiye da ’yar cikar jiki.

Makantar da ta fi damun marubucin wannan littafi ita ce ta ɗaya gefen: mutumin da lissafi ya wanke shi alhali yana cikin haɗari. Kowa ya san irinsa. Siraran hannuwa, siraran ƙafafu, ga tumbi a gaba kamar an kifa ƙwarya. BMI ɗinsa 23 ko 24, ya ji an ce daidai ne ya tafi da murna. Amma kitse ba ɗaya ba ne. Wanda ya kwanta a cinya da ɗuwawu, ƙarƙashin fata, da sauƙi. Wanda ya taru cikin ciki ya naɗe hanji da hanta shi ne mai aiki dare da rana, yana zuba sinadarai cikin jini, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke saukar da suga a jini, daga nan suga ya fara hawa, jijiyoyin jini su fara taurin da ke kai wa ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. An ma gano cewa wasu jinsunan suna kamuwa da ciwon suga a nauyin da bai kai na Turawa ba. A 2004 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawarar a fara sa ido kan mutanen Asiya tun daga 23. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bi wannan layi ta haɗa har da baƙar fatar Afirka: daga 23 nauyi ya wuce kima, daga 27.5 ƙiba ce. Ƙungiyar likitocin Amurka ta fito a 2023 ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai, kuma a Janairun 2025 wani babban kwamitin masana da mujallar Lancet ta tara ya ce a riƙa haɗawa da awon ƙugu da duba ko ƙibar ta fara taɓa aikin gaɓoɓi.

Awon ƙugu kuwa, babu unguwa a Mararaba da ba ta da gwaninsa, yana zaune bakin keke da tef rataye a wuya. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Idan ya kai 102 ga namiji ko 88 ga mace, haɗari ya yi yawa. Da harshen tela, wajen inci 37 da inci 40 ke nan ga maza, inci 31 da rabi da kusan 35 ga mata. Waɗannan lambobi ma daga jikin Turawa aka samo su, ana aron su ne ga ’yan Afirka. Shi ya sa wata hanya ta fi su sauƙi da adalci ga dogo da gajere: ƙugu kada ya kai rabin tsawo. Ko tef ba a buƙata. A sami zare, a auna daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka shi biyu, a zagaya ciki da shi. Idan bakin zaren ya haɗu da sauƙi, madalla. Idan ya ƙi haɗuwa, to, ciki ya wuce gona da iri, ko da sikeli ya ce me.

Wurin da za a zagaya yana da muhimmanci. Tela yakan auna inda wando ke zama, mai tumbi kuma ƙasan tumbin yake ɗaura wandonsa, shi ya sa mutum zai rantse inci 34 yake sawa shekara goma alhali cikinsa ya kai 42. Awon lafiya ana yin sa ne tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, kusa da cibiya, a tsaye, bayan an saki numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba. Suturarmu ma tana da hannu a wannan ɓoyo. Mai sa bel yana samun gargaɗi duk ranar da ya matsa rami ɗaya gaba. Wandon zariya kuwa ba ya ƙorafi, babbar riga da kaftani da zani da hijabi duk suna karɓar abin da aka kawo musu. Mutum na iya ƙara kilo 15 bai ji wani tufafi ya matse shi ba, sai ranar da gwiwa ta fara ƙara wajen ruku'u, ko uwargida ta ce minsharinsa ya hana kowa barci.

Wanda ya yi lissafi ya ga kansa a 31, ba a ce sai ya koma 24 kafin ya ga amfani ba. Wannan tunanin ne ke karya gwiwar mutane tun ba su fara ba. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2002, an ɗauki mutane sama da 3,000 da suga ɗinsu ya fara hawa. Rukunin da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100, sun ma fi waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin. Ga mai kilo 85, kilo shida ke nan. Minti 150 kuma rabin sa'a ne a kwana biyar, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi. A Mararaba, inda babu filayen motsa jiki na kirki kuma gefen titi na ’yan kasuwa da ’yan acaba ne, wannan rabin sa'a sai an ƙwato ta: a sauka tasha ɗaya kafin a iso, a taka daga titi zuwa gida, a je masallaci ko coci na nesa da ƙafa. Matan da ke yini a gida sun fi kowa buƙatar a yi musu hanya, musamman bayan jego, lokacin da kunun kanwa da nama da hutu ke barin ƙarin nauyi a kowace haihuwa, haihuwa biyar kuma lissafin ya taru. Maigidan da ya damu da lafiyar iyalinsa, fita tattaki tare da ita bayan sallar asuba ran Asabar da Lahadi ya fi kwalin maltina da yake shigowa da shi.

A ɓangaren ci, abin sha ne ɓarawon da ba a jin motsinsa. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50, kusan cokalin shayi 12, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta yarda baligi ya sha a yini guda, ta ma ce rabin haka ya fi. Zoɓo da kunun aya da fura, idan aka antaya musu sukari, sun bi sahu. Maltina da madara da ake haɗa wa marar lafiya don ƙarin jini, sukarinta ya fi ƙarfen da ke cikinta yawa nesa. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemukan zaƙi bai kai ya sa kowa ya fasa saye ba. Sai mai: kowane giram nasa ya ninka na tuwo fiye da sau biyu wajen ƙarfi, kuma ludayin da ake kwarara wa shinkafa da wake ko miyar dage-dage ba a lissafa shi cikin abinci. Abin farin ciki, maganin yana nan a kasuwa ɗaya da cutar. Wake, gero, dawa, acca, zogale, rama, yakuwa, alayyahu, kuɓewa, kabeji, gwanda, kankana, ga lemon zaƙi da ke zuwa daga Binuwai mota-mota. A rage malmala ɗaya, a ninka miyar ganye, a ci abincin dare da wuri idan hali ya yi. Koyarwar nan da kowane ɗalibin islamiyya ya sani, ta kasa ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, ta riga duk waɗannan bincike da ƙarni goma sha huɗu, amma teburin buɗa baki a watan azumi, da soye-soyensa da jarkokin zaƙi, yakan sa wasu su fito Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Shi kuwa sikelin bakin titi, yana da amfaninsa idan an san yadda za a yi da shi. Allurarsa ta sha faɗuwa da ƙura, ƙasan da aka ajiye shi ba a daidaice yake ba, mai hawa kuma yana sanye da takalmi da babbar riga, aljihu cike da waya da makullai, saboda haka kilo biyu sama ko ƙasa ba abin mamaki ba ne. Gara a riƙa hawa sikeli guda, da safe, sau ɗaya a wata, a rubuta. A kowane asibitin gwamnati ko ƙaramin asibitin unguwa akwai sikeli da sandar awon tsawo, kuma ma'aikaciyar jinya za ta haɗa da awon jini cikin minti biyar idan an nema. Mai shekara 40 da zarensa ya ƙi haɗuwa, ya ƙara da gwajin suga, ko da ba ya jin ciwon komai.

Tela kuma yana da wani abu da asibitin ma ba shi da shi. A ƙarƙashin teburinsa akwai tsohon littafi mai datti da alli da man keke, inda ya rubuta awon kowane abokin ciniki, shekara bayan shekara, sallah bayan sallah. Duk wanda ya daɗe da tela ɗaya, idan ya kai ɗinkin sallar bana, ya roƙe shi ya buɗo shafin shekara biyar da suka wuce, su duba awon ciki na wancan lokaci, sannan ya ɗaga riga a zagaya tef ɗin daidai cibiya.